Tambayar da Mai Hoto Ya Yi wa Inna

Ni ɗan fari ne. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya riga ya san abin da nake nufi, amma tunda yanzu muna da 'ya'yan da aka haifa a Maryland, waɗanda za ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, bari in yi bayani. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. In tana so a ba ni abinci, matata take ce wa, "A zuba wa wancan." In na buga waya gida, gaisuwa ce tsagwaronta, lafiya lau, lafiya lau, madalla, sai in ji ta miƙa wa ƙanwata wayar kamar ta ƙona mata hannu. Autanmu kuwa, ƙato da furfura a gemu, har yau tana tsokanarsa tana ce masa rago.

Kunyar ɗan fari ce, na sani. Ai ni ma'aikacin rediyo ne, a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, kuma na taɓa yin shiri sukutum a kan wannan al'ada. Na gayyato masana suka yi ta zuba, ni ma ina taya su dariya ina cewa al'adarmu mai kyau. Da na fito daga ɗakin shirin sai na shige banɗaki, na daɗe ban fito ba. Dalili kuwa, ƙanwata ta taɓa faɗa mini, ita a wasa, cewa da zarar muryata ta fito a rediyo da safe, Inna sai ta miƙe ta bar wajen. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Ba a hannunta ma na tashi ba. Ranar da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ta goya ni ta tafi da ni garinsu. Can na yi wayo, can na shiga makaranta. Kakata ta so ni iyakar so, Allah Ya jiƙanta, ban rasa komai ba. Sai dai na girma, na yi aure, na haifi nawa, na yi furfura, ban taɓa jin kalma ɗaya daga bakin Inna a kaina ba, ko ta yabo ko ta faɗa. Wallahi da faɗan ma ta yi mini, da na karɓa hannu bibbiyu.

Shekarar da idonta ya yi yana, muka kawo ta nan aka yi mata aiki. A gidana ta sauka, a Laurel. Aikin ya yi kyau, ido ya buɗe tar. Da ganyen bishiyoyi ya fara zuba, sanyi ya fara cizo, ta ce da matata a faɗa wa wancan ya nemi tikiti. Ita ta gaji da garin da ba a jin kiran salla sai a waya, kuma in ta tafi ta tafi ke nan, ba ta ƙara hawa jirgi. Na dube ta, ta tsufa ƙwarai, hannunta har rawa yake in ta ɗauki kofi. Na san in ta bar gidan nan, da wuya mu ƙara kwana a gida ɗaya.

Daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. A jirgin ƙasan da nake bi zuwa Washington, in samu kujera, in tashi in ba wani, in koma bakin ƙofa in tsaya. A ofis in fassara labarin yaƙi da na ambaliya ba gargada, in dawo gida in tarar da ita a falo tana jan carbi, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In tashi in shiga kicin, in buɗe firji in rufe, ba abin da nake nema. Matata ta ce, "Wai lafiyarka kuwa? Ka hana kanka sakat, ka hana mu." Na daka mata tsawa a banza, daga baya na zo ina ba ta haƙuri.

Ana cikin haka wata abokiyar aikinmu 'yar Meksiko, da ke sashen Sifaniyanci, ta tare ni a wajen shan kofi. Ta ce ta ji mahaifiyata tana gari. Babanta daraktan fim ne, ya tsufa, yana zaune a gidanta a Annandale, yana haɗa wani fim a kan iyaye mata da suka biyo 'ya'yansu Amurka. Ya samu 'yar Koriya, ya samu 'yar Habasha, ya samu 'yan ƙasarsu har sun yi masa yawa, yana neman wata daga wajenmu. Ta ce, "Don Allah ka je ka gan shi, ko na samu in huta. Tun da na dawo da shi wajena bai zauna a kujera ba."

Na ɗauka zuzutawa take. Ranar Asabar na je, na wuce jerin kantunan 'yan Koriya na shiga unguwarsu, ta sauka da ni ɗakin ƙasa inda yake zaune. Gajeren tsoho ne siriri, gashin kansa fari fat, gwiwoyinsa sun lalace yana dogara sanda, amma da sandar yake zagaya ɗakin yana magana ba tsayawa. Ya nuna mini kujera, na ce na gode, ban zauna ba. Haka muka yi ta zagaye mu biyu, kamar masu jiran likita ya fito. A yarensu kowa malam yake ce masa, sai ni ma na kama ce masa Malam.

Ban tambaye shi labarinsa ba, shi ya kwance mini. A wani ƙaramin gari na kan tsauni aka haife shi, a kudancin ƙasarsu. Gwaggonsa ce ta rene shi, ita ke tsaga tikiti a gidan silima ɗaya tilo na garin, don haka a bayan kujerun silima ya yi rarrafe. Da ya tasa ya gudu babban birni, ya fara da naɗe waya da ɗaukar fitilu a bayan masu ɗaukar fim, har aka yarda ya taɓa kyamara. Ya yi shekaru yana shirya wa talabijin wasannin soyayya da kuka, irin waɗanda mata ke barin tukunya a wuta saboda su. Ya ce ya tsane su, amma su suka ciyar da 'ya'yansa. A tsakani ya yi finafinan kansa guda kaɗan, waɗanda ya ce a ƙasashen waje an tafa musu, a gida kuwa sai kujeru suka kalla. Da matarsa ta rasu, gwiwa ta ƙi, 'yarsa ta je ta ɗauko shi. Ya nuna ɗakin da sanda ya ce, "Sun zaci nan zan zauna in jira mutuwa. Na sayi ƙaramar kyamara."

A kusurwar ɗakin akwai wani tebur da ya yi ta jan idona. Furanni ruwan lemo, kyandirori, burodi a faranti, da hotunan mutane a jere. Na ce a raina, a'uzubillahi, yau ina na kawo kaina? Ya lura. Ya ce lokacin tuna mamata ne a wajensu, kowace shekara haka suke yi. Ga matarsa, ga gwaggon nan mai tikiti. A tsakiya an bar gurbi babu hoto. Ya ce wurin mahaifiyarsa ne. Wajen haihuwarsa ta rasu, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. "Na ƙare rayuwata ina ɗaukar fuskokin mutane," in ji shi, "tata ce kawai ban samu ba." Na daina hararar teburin.

Sai ya faɗa mini yadda yake aiki. Yana zuwa gidan mutum ya yi ta zuwa, ya ci abinci, ya sha hira, har a manta da kyamara. A ƙarshe kuma tambaya ɗaya yake yi wa kowace uwa: ta ba shi labarin ɗanta na fari.

Na ce, "Malam, wannan kam ba za ta yiwu ba." Na yi masa bayanin kunya tiryan-tiryan, yadda na saba yi a rediyo. Ya saurara yana zagaye, sannan ya kaɗa hannu ya ce duk uwa tana amsawa, 'yar Koriyar ma da farko cewa ta yi ba ta magana.

Na ce, "Tamu ba ta amsawa."

Ya ce, "Kai ne na farin?"

"Ni ne."

Nan ya tsaya cak, karon farko tun shigowata. Ya ce, "To kai, kana so ta amsa?"

Haba! Raina ya ɓaci. Yau na fara ganin mutum, har ya zura mini hannu a inda ban taɓa bari matata ta leƙa ba? Na ce masa wannan ba huruminsa ba ne, na yi sallama na fito. Amma tun ina cikin cunkoson motoci a babban titin da ya zagaye Washington, ina ta sauya layi ba dalili ana danna mini ham, na san zan kawo shi gidana. Ina so ta amsa. Tun ina yaro nake so.

Matsalar ita ce tafinta. Matata ba za ta iya ba, tsakaninta da Inna akwai kunyar surukuta, ga shi kuma ni ta aura. Yaranmu Hausarsu ba ta wuce ina kwana da na ƙoshi ba. In na ɗauko wani daga waje, kafin la'asar duk Hausawan Maryland sun ji. Saura ni. Wato tambayar da ba a yi wa uwa a gaban ɗan farinta, ta bakin ɗan farin za ta fito.

Na zaci Inna za ta ƙi zancen hoto ma gaba ɗaya. Matata ce ta kai mata maganar. Sai ta ce, "Hoto? Ai yanzu ido ya buɗe, a ɗauka mana." Ranar da ya fara zuwa ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa, ya rusuna da ƙyar a kan sandarsa ya ce, "Sannu, Inna," yadda na koya masa. Ta ce mai hoto ya iya gaisuwa. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta a gefen falo, bai kunna ba, bai ma ƙara kallonta ba. Aka kawo tuwo da miyar kuka, ya wanke hannu ya ci, ya nemi ƙarin yaji, ya barbaɗa har tuwon ya yi ja. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, wannan ba Bature ba ne."

A zuwa na biyu ya kawo mata wata gurasar masara ta ƙasarsu, fale-fale. Ta gutsira ta tauna ta ce waina ce aka hana ta mai. Daga nan suka ɓalle a kan masara. Shi yana cewa a wajensu sai an dafa ta da farar ƙasa kafin a niƙa, ita tana cewa mu surfawa muke yi a turmi a sheƙe dusa. Ya ce masara daga ƙasarsu ta fito ta bazu duniya, ta ce a faɗa masa ya daina ƙarya da girmansa, tun kakannin kakanninta ake nomanta a bayan gida. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ni ina tsakiya ina juya magana, Hausa zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa.

Abin da ba wanda ya lura da shi sai ni: don ta yi masa magana, dole ta bi ta kaina. "Ka ce masa kaza. Ka tambaye shi kaza." Ba ta kallona, ba da ni take ba, amma kunnena take zuba wa. A 'yan makonnin nan na ji muryar Inna a kusa fiye da yadda na ji ta tun haihuwata. Na ji daɗi, kuma daɗin ya ƙara tayar mini da hankali, don na san aro ne.

Kullum ya zo sai in ce yau ce. Ya ci, ya sha, ya naɗe kayansa ya tafi, ba tambaya. Ranar tafiyar Inna tana matsowa, matata har ta fara ɗaure tsaraba. Na buga masa waya daga tashar jirgi na ce, "Malam, matar nan fa tafiya za ta yi!" Ya ce ba ta shirya ba tukuna. Na kashe wayar ina tsaki. Washegari kuma na tashi da niyyar in ce masa ya bari, kar ya zubar wa tsohuwa mutunci a gidan ɗanta. Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye, har na wuce tashar da nake sauka.

Wata Lahadi da hantsi, matata ta kwashi yara sun tafi suna a Mitchellville, ya zo. Bai nemi abinci ba. Ya roƙi a matsar da kujerar Inna kusa da taga, ya sa ni na zauna a gefe inda kyamara ba ta kama ni, ya danna wani abu, 'yar jar fitila ta kama. Shi ma ya zauna, abin da ban taɓa gani ba in ba wajen cin abinci ba. Ya tambaye ta damina, ya tambaye ta gona, ya tambaye ta Baba, Allah Ya jiƙansa. Tana amsawa a sake. Sannan ya gyara zama ya ce, "Ka ce mata ta ba ni labarin ɗanta na fari."

Ni da nake karanta labarai kai tsaye duniya tana ji, sai ga ni ina laluben kalma. Na dubi kafet na ce, "Inna, wai yana tambaya. Wai a ba shi labarin ɗan fari."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ana jin ƙarar injin busa ganye daga gidan maƙwabta. Na ce shi ke nan, na ci mata mutunci, kuma a banza. Har na yunƙura zan ce masa ya kashe kyamarar, sai ta yi magana, tana kallon taga.

"Ka ce masa mu ba ma wannan maganar. Amma in labari yake so, akwai wata maƙwabciyarmu."

Na faɗa masa. Ya ɗan yamutsa fuska, amma ya ɗaga kai, a ci gaba.

"Ranar da aka zo ɗaukar yaron nata yaye," in ji Inna, "gida cike da mata, kowa ya zuba mata ido a ga ko za ta nuna. Ba ta nuna ba. Ko ƙofa ba ta kalla ba. Ta jawo turmi ta zuba gero ta kama daka. Yaron yana bayan kakarsa yana tsala kuka, ana jiyo shi har suka fita gari, ita tana daka. Geron ya zama gari, tana daka. Sai da wata tsohuwa ta riƙe taɓaryar ta ce, ke, turmin za ki fasa?"

Ta tsaya, na fassara. Muryar aiki na ɗauko, wadda nake karanta labarin girgizar ƙasa da ita.

"An ce za a dawo da shi in ya manta nono. Ba a dawo da shi ba, ita kuma ba ta da bakin tambaya. Sai ta koyi ƙuli-ƙuli, ita da ba ta taɓa sana'a ba. Lokacin a ƙauye ba a kulle. Garin kakar yana da kasuwa ranar Laraba, da nisa, a ƙafa ake zuwa. Ta ce wa mijinta ƙuli ya fi ciniki a can. Ƙarya take yi. Ba ta shiga gidan, ta shiga ta ce ta zo yin me? Akwai rijiya a bayan dangar gidan, nan take sauke faranti wai tana hutawa. Wata Larabar ta jiyo muryarsa, wata Larabar ta koma haka nan."

Rijiyar nan na san ta. Na san dangar. Kasuwar garin kakata ranar Laraba take ci. Na riƙe hannun kujera da ƙarfi na fassara.

"Ran nan ya fito. Ya yi ƙafa har da gudu, da 'yar riga ba wando. Ya tsaya a gabanta ya ce, mai ƙuli, ba ni. Bai san ta ba. Ta cika masa hannu biyu. Ta so ta shafa kansa, to ga mata a bakin rijiya. Ba ta shafa ba. Daga nan ya saba, duk Laraba sai ya fito. Har aka sa shi makaranta, ta bar sana'ar."

Na tuna ta. Fuskar ba ta zo mini ba, don kullum a sunkuye take, amma na tuna faranti mai shuɗin baki, na tuna ƙuli mai ɗumi a tafin hannuna. Har na girma ina zaton haka masu ƙuli suke, suna ba yara kyauta. Na buɗe baki in fassara, muryar aikin ta ƙi fitowa. Na yi tari, na sake gwadawa, na faɗa masa duka yadda ta faɗa, wata maƙwabciya, wani yaro, wata rijiya. Hawaye na zuba mini, ban share ba don kar motsin hannuna ya sa ta juyo. Ba ta juyo ba.

Malam ya ce, "Labari mai kyau. Yanzu ka ce mata, ita fa? Nata fa?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Ni? An daɗe, na manta." Ta dafa kujera ta miƙe, ta ce azahar ta yi.

Na ɗaukar masa kayansa zuwa mota. Ya buɗe but, ya tsaya yana kallon ganyen da ya rufe titi. Ban taɓa faɗa masa a hannun wa na tashi ba, amma tsohon nan ba yau ya fara kallon fuskar mutane ba. Ya ce, "Maƙwabciyar nan, ita ce?"

Na zura kayan a but ɗin.

Ya ce, "Bari in faɗa maka dalilin tambayar. In ita ce, to na samu zuciyar fim ɗina. Zan rubuta a ƙasa cewa labarin kanta take bayarwa, in ɗauki fuskarka in sa kusa da tata. In ba ita ba ce, ba shi da wuri, ni ba labarin maƙwabta nake tarawa ba. Kuma abin da ban sa a fim ba, gogewa nake yi."

Na ce, "To ka ba ni kwafina in ajiye, sannan ka goge."

Ya girgiza kai. Ya ce yana da ƙuruciya ya taɓa yin fim a kan masu haƙar ma'adinai da suka shiga yajin aiki. A fim ɗin ya ɓoye fuskokin da ya kamata a ɓoye, amma ragowar abin da ya ɗauka ya adana a gida, don yana alfahari da shi. 'Yan sanda suka zo suka kwashe, suka zauna suka kalla a tsanake, suka bi mutanen gida-gida. Wasu ba su dawo ba. Ya ce tun daga ranar ba ya barin fuskar mutum a ajiye, ko a hannun wa.

Na ce, "Malam, uwata ce fa!"

Ya ce, "Na sani. Fim ta yarda a yi da ita. Ba ta yarda wani ya sa ta a aljihu yana kunnawa ba."

Kai, na so in fizge kyamarar nan in ruga da ita. Na zagaya motar, na dawo, na sake zagayawa. In na ce ita ce, zan samu muryarta har abada. Ranar da ba ta, in kunna in ji. 'Ya'yana su ji, su san ubansu ba tsintarsa aka yi ba. Amma fim ɗin nan za a nuna shi, mutanenmu na nan za su gani, kafin ka ce kwabo ya shiga wayoyin gida. Matan garinmu su ce ta je Amurka da tsufanta ta zauna gaban mai hoto tana zancen ɗan farinta, a gabansa. Ita kuwa da kanta ta nemo maƙwabciyar nan ta tsayar a gabanta, don ta samu hanyar magana ba tare da an ga fuskarta ba. Na so muryar nan, wallahi na so ta.

Na ce, "Maƙwabciya ce. Na san ta."

Ya rufe but ɗin. Sannan ya ce, "Kash. Asara." Ya miƙo hannu muka gaisa, ya riƙe nawa ya ƙi saki na ɗan lokaci, ya shiga mota ya ja, ya kusa ture kwandon shara. Fim ɗin ya fito daga baya. Inna tana ciki, tana dariya tana ƙaryata shi a kan masara, iyakarta ke nan.

Na koma cikin gida raina a jagule, ban san ko daidai na yi ba. Ta idar da salla, tana zaune a kan darduma ta ba ƙofa baya. Na lallaɓa zan wuce, sai na ji ta ce, "Mai hoton ya tafi?"

Na durƙusa na ce, "Ya tafi, Inna."

"Yadda na faɗa ka faɗa masa?"

"Yadda kika faɗa."

"Da ya tsare ka a waje fa?" Ashe ta taga take kallonmu da sabon idonta.

Na ce, "Maƙwabciya na ce masa."

Ta ja carbi ɗaya, ta ja biyu. Ba ta juyo ba. Ta ce, "To, madalla. Ai shi ma yaron nata, na ji an ce ya yi hankali."